Rai da Hannu: Tarihin Wani Ciniki

A Kasuwar Sabon Gari ta Kano hannu shi ne jarin farko. Da shi mace ke auna mudu, ta yanki yadi, ta ɗaga kwandon tumatir. Shi ya sa nake auna tarihin maganin sankarar mama da ma'aunin matan wannan kasuwa, domin tarihi ne na ciniki tsakanin rai da hannu.

A shekarar 1894 William Halsted, likitan fiɗa a asibitin Johns Hopkins na Amurka, ya wallafa sakamakon aikinsa: a cire mama gaba ɗaya, da tsokar ƙirji, da kaluluwar hammata. Kaluluwar nan kuwa magudana ce ta ruwan jiki. Idan aka kwashe ta, ruwa kan rasa hanya, hannu ya kumbura, ya yi nauyi, wani lokaci har ƙarshen rayuwa. Shi kansa Halsted, a 1921, ya kamanta kumburin da tundurmi. Shekaru da dama mata suka biya wannan farashi ba tayi.

Hanya ta biyu ta samo asali daga hasken da Röntgen ya gano a 1895, da sinadarin radiyam da Marie da Pierre Curie suka gano a 1898. Daga nan aka sami abin da muke kira gashi. Umberto Veronesi a Italiya a 1981, da Bernard Fisher a Amurka a 1985, sun nuna cewa idan ciwon bai yi nisa ba, cire ƙullin kaɗai a bi shi da gashi yana tsawaita rai daidai da cire mama duka. Bayan 1990 likitoci suka koyi ciro kaluluwar farko su duba, maimakon kwashe hammata baki ɗaya. A 2014 binciken AMAROS na Turai ya gwada hanyoyin biyu a kan matan da ciwon ya taɓa kaluluwar farkon. Bayan shekara biyar, an ga kumburi a kashi 23 cikin ɗari na waɗanda aka kwashe wa hammata, da kashi 11 na waɗanda aka gasa, ciwon kuma bai cika dawowa ba a ɓangarorin biyu. Sai dai gashi ma yana barin tabo a magudanar, kuma haɗa shi da kwashe hammata ya fi kowanne haɗari.

A Nijeriya sai a 1973 aka kafa na'urar kobalt a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas. Shekaru masu yawa majinyatan Kano suna hawa mota zuwa Shika ta Zariya neman gashi, su bar rumfa a rufe tsawon makonni. Mata da yawa kuma ba sa isa asibiti sai daji ya ci hammata, lokacin da zaɓi ya riga ya ƙare.

Abin da na fahimta shi ne, sauƙin da likitoci suka yi fiye da shekara ɗari suna nema na wadda ta zo da wuri ne. Ita ce ke da bakin tambayar likita: kaluluwa nawa za a cire, ina za a gasa, me zai sami hannuna? Mai sammako ke taya kaya, wadda ta makara sai yadda aka sallama mata.