Alhamra: Fadar da Bangonta Ke Magana

Duk ɗalibin da neman ilmi ya kai shi ƙasar Sifen, in har bai taka zuwa birnin Garanada ya ga fadar Alhamra ba, to, da sauran karatu a gabansa. Fadar tana bisa wani tudu ne, kuma jan launin ganuwarta shi ya jawo mata wannan suna na Larabci.

Sarki Muhammadu ɗan Ahmar, wanda ya kafa daular Banu Nasar, shi ya soma ginin a 1238. A lokacin nan mulkin Musulmi a Andalus ya riga ya fara ja da baya, don kuwa Kurɗuba ta faɗi tun 1236. Sarkin ya sa aka janyo ruwa daga kogin Darro, ruwan nan ne kuma ke ratsa lambun Jannatul Arif kafin ya gangaro cikin fada.

A ƙarni na 14, zamanin Yusufu na ɗaya da ɗansa Muhammadu na biyar, ginin ya kai ƙololuwar kyau. Shi Muhammadu ne ya gina Farfajiyar Zakuna mai ginshiƙai 124, inda zakuna 12 na dutse ke ɗauke da wani babban daro, ruwa na zubowa ta bakinsu.

To, ga abin da ya shafe mu, mu marubuta. Baƙon da ya iya Larabci zai tarar bangon cike yake da rubutu: ayoyi, da taken daular mai cewa babu mai rinjaye sai Allah, da waƙoƙi. Baitocin wazirin sarki, Ibn Zamrak, suna nan sassaƙe har a gefen daron zakunan. Wasu ma an tsara su ne tamkar ginin ke yabon kansa da bakinsa.

Allah Sarki! Shi mawaƙin kashe shi aka yi bisa umarnin sarki, wajen 1393. Ranar 2 ga Janairu, 1492, Sarki Abu Abdullahi ya miƙa birnin ga Fadinan da Isabela. A 1812 sojojin Faransa suka tarwatsa wasu hasumiyoyin fadar da albarushi. Duk da haka baitocin ba su gushe ba, kuma a 1984 hukumar UNESCO ta sa Alhamra cikin kayan tarihin duniya.

Sarautar da ta ɗauki nauyin mawaƙin ta shuɗe shekaru fiye da 500, amma har gobe ana tsayawa a karanta abin da ya rubuta. Mai alƙalami sai ya kula da abin da zai bari.