Wasannin Wuta da Bukukuwan Shekara a Ƙasashen Ikara da Maƙarfi da Kudan

1.0 Gabatarwa

A wasu ƙasashen duniya wasan wuta ya zama abin da ake yi wa tattaki daga nesa domin kallo. Alal misali, a garin Kumano da ke gaɓar teku a ƙasar Japan, akan harba tartsatsin wuta a kan ruwa ranar 17 ga Agusta, kuma asalin bikin tunawa ne da mamata. Wannan ya sa wasu ke zaton Bahaushe bai san wasan wuta ba sai da kayan kanti suka shigo. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa akwai wasannin wuta iri-iri a cikin bukukuwan shekara na Hausawan arewacin Zazzau, kuma kowace wuta tana da masu ita, tana da lokacinta, tana da aikin da take yi wa jama'a. Za mu ga cewa wutar da ta rasa mai ita ce ta mutu, wadda kuwa ta sami majiɓinci ta rayu.

2.0 Ƙasar da Mutanenta

Ikara da Maƙarfi da Kudan suna arewa da gabashin birnin Zariya, kan hanyar zuwa iyakar ƙasar Kano. Akwai tsofaffin garuruwa a cikinsu, irin su Paki da Likoro da Hunƙuyi da Kudan kanta. A tsarin mulki na zamani, Ikara ta zama ƙaramar hukuma a 1976, daga baya aka fitar da Maƙarfi daga cikinta, sannan aka fitar da Kudan daga Maƙarfi a 1996. Amma a wajen al'ada ƙasa ɗaya ce: ƙasar noman dawa da gero da masara a tudu, da rake da tumatir da barkono a fadama. Mazaunanta Hausawa da Fulani Musulmi ne mafi yawa, tare da unguwannin Maguzawa waɗanda da yawansu suka musulunta ko suka shiga addinin Kirista a ƙarni na 20.

3.0 Lissafin Shekara Iri Biyu

Ba za a fahimci bukukuwan wannan yanki ba sai an san cewa manomi yana tafiya da lissafi biyu. Na farko shi ne na rana da taurari, wanda ya raba shekara zuwa bazara da damina da kaka da rani. Na biyu shi ne na wata, watau na Hijira, mai kwana 354 ko 355, wanda yake gaza na rana da kimanin kwana 11 kowace shekara. Saboda haka bikin da ya rataya ga wata yakan zagaya dukkan yanayin shekara cikin shekara 33 ko kusa da haka. Shekarar 1400 ta Hijira ta kama a watan Nuwamba na 1979, cikin kaka, ita kuwa 1446 ta kama a Yulin 2024, tsakiyar damina.

Wannan bambanci yana da muhimmanci ga mai nazarin wasan wuta. Bakin wutar da aka jefa cikin damina, lokacin da jinka ke jiƙe, abin dariya ne. Wanda aka jefa cikin hunturu, ga iska, ga rumbuna cike, ga damman kara jingine a bayan danga, yana iya cinye unguwa.

4.0 Wutar Wowwo

A cikin bukukuwan wata, wanda ya fi danganta da wuta shi ne na Muharram, watan da Hausawa ke kira watan cika-ciki ko watan wowwo. A daren goma ga wata akan yi tuwo mai yawa, a sa wani ɓangare na naman layya da aka busar aka ajiye tun Babbar Salla, kowa ya ci ya ƙoshi, bisa camfin cewa wanda bai ƙoshi a daren ba zai yi shekara da yunwa. Bayan an ci abinci sai samari da 'yammata su cinna wa ƙananan damman kara ko na ciyawa wuta, su fita suna wurwura su, suna bin juna da su.

Abin lura shi ne, ba kowa ake bi da wuta ba. Abokin wasa ake bi: taubashi da taubashiya, da sauran waɗanda al'ada ta ƙulla wasa a tsakaninsu. A cikin watan ne kuma ake biyan kuɗin shara, inda wanda wasan ya ɗauka ubangida yake ba wanda ake kira bawansa ɗan abin hasafi. Ashe ke nan wutar wowwo hanya ce ta sabunta zumunci sau ɗaya a shekara. Yaro yakan san danginsa na wajen uwa da na wajen uba ta hanyar sanin wanda ya halatta ya tsokana da wanda bai halatta ba.

Al'adar ba ta tsaya ga Hausawa kaɗai ba. S. F. Nadel ya bayyana irin wannan biki na fita da wuta a farkon shekarar Musulunci a ƙasar Nufe, Dagombawan arewacin Gana kuma suna da nasu da suke kira Bugum, wanda ake yi a daren tara ga watan da ya yi daidai da Muharram. Yaɗuwar al'ada guda a kan hanyoyin da fatake da malamai suka bi tana nuna cewa tsohuwa ce ƙwarai, kuma ta daɗe da samun gurbi a cikin lissafin watannin Musulunci.

5.0 Wutar Kaka da ta Rani

Bukukuwan lissafin rana sukan zo ne bayan an kai amfanin gona gida. Babbansu shi ne kalankuwa, bikin samari da 'yammata na murnar kaka, inda ƙauye ke gayyatar maƙwabta, a kwana ana kiɗa da rawa, a yi kokawa da dambe. A irin wannan dandali ne masu sana'o'in gado ke nuna buwayarsu. Mahauta suna da kalangu da dambe, 'yan tauri suna da wuƙaƙensu, maƙera kuwa suna da dundufa da wuta. Maƙeri yakan ɗauki jan ƙarfe daga cikin wuta da hannu, ko ya zuba garwashi a riga, domin ya nuna wa jama'a cewa wuta ta gidansu ce. Wannan wasa yana da tushe cikin tattalin arziki, domin manomi ba ya iya shiga gona sai da fartanya da garma da lauje, kuma gidan maƙera ne ake kai wanda ya ƙone domin magani. Wasan tunatarwa ne ga gari game da matsayin Sarkin Maƙera.

Idan ciyawa ta bushe sai wutar daji ta biyo baya. Maharba da 'yan farauta sukan cinna wa daji wuta domin su kori nama, makiyaya kuma su sami sabon toho. A dā ba a shiga farautar gayya sai masu daji sun buɗe shi, abin da ake kira buɗar dawa a sassa da dama na ƙasar Hausa.

Akwai kuma wata wuta da ta fi kowace zama tambarin Maƙarfi da Kudan, ko da yake ba a kiranta biki, watau wutar mazarƙwaila. Injin matse rake da doki ke juyawa ya yaɗu a ƙasar Zazzau a zamanin mulkin Turawa. Tun daga lokacin, idan rake ya nuna, akan kafa injin a bakin fadama, a haƙa murhu, a ɗora manyan kasake ana dafa ruwan raken har ya yi kauri a zuba shi a mazubi ya daskare. Busasshen ɓawon raken da aka matse shi ne makamashi. Wurin yakan tara 'yan ƙodago da masu abinci da dillalai, daga nan kuma kaya su nufi kasuwar Maƙarfi. Ita wannan wuta ba ta mutu ba, domin ciki take ciyarwa.

6.0 Wutar Bindiga

Wuta ta ƙarshe ita ce ta sarauta. Bindigar gargajiya da albarushi kayan yaƙi ne a ƙarni na 19, amma bayan Turawa sun ci Zariya a 1902 yaƙi ya ƙare, sai bindiga ta koma kayan ado da sanarwa. Da ita ake shaida wa gari ganin wata, da ita ake tarbar sabon basarake, kuma 'yan bindiga ne ke cika fili da hayaƙi da ƙara a hawan Salla, lokacin da hakimai ke shiga Zariya da dawakinsu domin yi wa Sarkin Zazzau jahi. Hukuma ta rungumi wannan al'ada. An yi babban hawan daba a Kaduna a lokacin FESTAC a 1977, kuma a 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan dabar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya.

7.0 Dalilan Sauyi

Dalili na farko na addini ne. Tun kafin jihadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rubuta Ihya'us Sunna wa Ikhmadul Bidi'a, kuma kalmar ikhmad a Larabci kashe wuta take nufi. Bayan da Malam Musa ya karɓi mulkin Zazzau a farkon ƙarni na 19, malamai sun sami ƙarfin tsawatarwa a birane, amma ƙauyuka sun ci gaba da yawancin wasanninsu. Wa'azin da ya kai har lungunan karkara ya ƙarfafa ne a rabin ƙarshe na ƙarni na 20, musamman bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978. Malamai sun ƙarfafa azumin Tasu'a da Ashura, suka soki cuɗanyar maza da mata da dare, da camfe-camfen da ke tattare da cika-ciki.

Na biyu shi ne makaranta da cin rani. Shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976 ya ɗebe yara daga dandali, samari kuma suka riƙa tafiya Kaduna da Kano da Legas da zarar an gama girbi, daidai lokacin da ake bukatarsu a kalankuwa. Na uku, noman rani ya cinye hutun da manomi ke samu tsakanin kaka da bazara. Na huɗu, gonaki sun cinye dajin farauta, kayan masana'anta kuma sun rage dogaro ga maƙerin gari. Daɗin daɗawa, tsoron gobara, wanda dattawa suka daɗe suna kuka da shi, ya ba masu unguwanni hujjar hana yara fita da wuta.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa wutar bindiga ta rayu domin fada ta riƙe ta, ta mazarƙwaila ta rayu domin kasuwa na bukatarta, ta wowwo da ta maƙera kuwa sun ja baya domin zumuncin taubasai da sana'ar gado, waɗanda su ne masu su, sun raunana. Ba muna kira a koma jifan juna da bakin wuta ba ne. Abin da ya wajaba shi ne a rubuta. Tsofaffin da suka yi wowwo da ƙuruciyarsu a Paki da Hunƙuyi da Likoro, da maƙeran da suka gaji kirarin wuta, su ne littafin wannan tarihi, kuma kullum raguwa suke yi. Ya kamata sassan nazarin Hausa na jami'o'i da kwalejojinmu su tura ɗalibai gari-gari, su naɗi waƙoƙin da kirarin, su tambayi wa ke bin wa da wuta, da shekarar da aka daina a kowane gari, da wanda ya hana. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.