Haƙƙin ɗan ƙasa iri biyu ne

Tun ina yaro nake bin Baba da shanu daga Keffi zuwa Kudu, kuma na sha jin ana ce mana baƙi. To, haƙƙi ba alfarma ba ne, abu ne da doka ta ba kowane mutum. A Tsarin Mulkin 1999 iri biyu ne. Na Babi na 4 kotu na ƙwato maka su: rai, mutunci, addini, faɗin albarkacin baki. A nan sashe na 41 ya ba ka damar zama ko'ina a Najeriya, na 43 kuma mallakar gida ko fili. Na Babi na 2, kamar ilimi da lafiya, manufofin gwamnati ne, ba a shigar da ƙara a kansu. 'Yan'uwa na Sabon Ibadan da Agege, ku riƙe lambobin nan.