Tarihin Raguwar 'Yan Kallo a Wasannin Kiɗa da Waƙa a Ƙananan Garuruwan Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Masu shirya wasannin kiɗa da waƙa a garuruwa irin su Funtuwa da Gusau da Malumfashi da Ƙauran Namoda da Haɗeja sun daɗe suna kuka da ƙarancin jama'a. A kama zaure, a yi shela a rediyo, a lilliƙa hoton mawaƙi a tasha da bakin kasuwa, amma ranar wasa sai a tarar kujeru sun fi mutane yawa. Wannan kuwa yana faruwa ne a garuruwan da a shekarun 1960 da 1970 labarin saukar makaɗi kaɗai ya isa ya cika fili.

Dalilan da aka fi kawowa uku ne: talauci, da wayar hannu, da cewa mawaƙan yanzu ba su kai na da ba. Kowanne yana da ƙamshin gaskiya, amma babu wanda ya isa ya bayyana al'amarin shi kaɗai. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi tarihin taron kiɗa, ta nuna cewa a al'adar Bahaushe taro ne yake kiran makaɗi. Watau akwai wasu ginshiƙai da suke tara jama'a tun kafin a ɗora hannu a kan ganga, kuma zubewar waɗannan ginshiƙai ɗaya bayan ɗaya ita ce ta bar mawaƙi shi kaɗai da nauyin tara mutane.

2.0 Taron da ya riga makaɗi

A tsohon tsarin zaman Hausawa kusan kowane kiɗa yana da mai shi. Taushi da kotso da jauje na fada ne, kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma. Ibrahim Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa, Salihu Jankiɗi yana da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Irin waɗannan makaɗa ba su san wahalar neman 'yan kallo ba, domin hawan salla da naɗin sarauta da zaman fada su suke kawo jama'a. Haka makaɗin noma yake tarar da gayya ta haɗu, makaɗin 'yan mata yake tarar da dandali ya cika a daren farin wata.

Lokacin wasa ma tsararre ne. Da kaka ta yi, amfanin gona ya shiga rumbu, kuɗi ya shiga aljihu, sai bukukuwan aure da kalankuwa da dambe da kokawa su kankama. Makaɗa su bi ranakun kasuwanni, yau nan gobe can, suna sauka inda suka san mutanen karkara za su kwana.

Abu na biyu da ya kamata a lura da shi shi ne hanyar biya. Ba a biyan makaɗi kafin ya yi kiɗa. Sai ya wasa mutum, ya ambaci iyayensa da sana'arsa, sa'an nan wanda aka wasa ya yi kyauta, sanƙira ya ɗaga murya ya sanar da abin da aka bayar, abokai da 'yan'uwa su yi kari. Saboda haka abin da mai kyauta yake saye shi ne suna a gaban shaidu. Talakan da ba shi da ko anini yana da muhimmanci a wannan ciniki, gama shi ne shaidar. In babu shi kyautar ba ta da armashi. Wannan ne ya sa ba a yi wa fili katanga ba, kuma ba a tsayar da kowa a ƙofa ba.

3.0 Zamanin jirgin ƙasa da auduga da gyaɗa

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911. Reshen da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, na Nguru kuma a 1930. Garuruwan da ke kan waɗannan hanyoyi suka zama matattarar cinikin auduga da gyaɗa da fatu, suka cika da baƙi: dillalai, da 'yan koli, da leburori, da akawuna, daga baya kuma direbobin manyan motoci. Waɗannan mutane ba su da sarauta, ba su da makaɗan gado, amma suna da kuɗi a hannu, suna kuma son a san da su. Su ne suka zama sababbin iyayen gidan makaɗan jama'a.

A wannan yanayi ne Alhaji Mamman Shata ya yi tashe, kuma ba banza ba ya zaɓi zama a Funtuwa. Wanda ya duba jerin mutanen da ya wasa zai ga sarakuna, amma zai ga direbobi da 'yan kasuwa da ma'aikata da yawa. A nan Funtuwa ɗin ne kuma Hajiya Barmani Choge ta fito da amada daga cikin gida zuwa fili. Makaɗan kukuma da goge irin su Ibrahim Na Habu da Garba Sufa sun sami nasu masu saurare a bariki, watau a gidajen magajiya da kulob da otal. Siyasar jam'iyyun NPC da NEPU a shekarun 1950 ta ƙara wani fagen.

A wannan zamani ne kuɗin ƙofa ya fara shigowa, musamman in an yi wasa a kulob ko gidan silima ko filin da aka kewaye da zana. Amma bai zama jigon samun makaɗi ba. Abin da aka tara a ƙofa yakan tafi ga mai wuri da mai shirya wasa, shi kuwa makaɗi idonsa yana kan kyautar da za a yi a ciki, wadda takan kai riga da doki, har mota da kujerar Makka.

Rediyo ma da farko taimako ya yi. Gidan rediyo da talabijin na Kaduna da Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe a 1962 ya kai muryar Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos ƙauyukan da ba su taɓa takawa ba. Mai saurare ba shi da ikon maimaita waƙar da ya ji, sai ran da aka sake sa ta. Don haka rediyo ya zama kamar maroƙin da ke gaba yana shela, ranar da makaɗin ya sauka a gari kuwa kowa yana so ya ga mai muryar da idonsa.

4.0 Zubewar ginshiƙai

4.1 Noma da ciniki

Farin da aka yi a farkon shekarun 1970, da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, sun karya cinikin da ya gina yawancin waɗannan garuruwa. Dalar gyaɗa ta ɓace. Kuɗin man fetur da ya maye gurbinta ya bi ta hannun gwamnati, ya taru a manyan biranen jihohi. Attajiri da ɗan kwangila da babban ma'aikaci suka koma Kano da Kaduna da Sakkwato, daga baya Abuja, makaɗa kuma suka bi su. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, jirgin ƙasa ya yi ta ja da baya har tashoshin da ke cika da dare suka zama kufai. Kaka ba ta daina zuwa ba, amma ta daina zama lokacin da kuɗi ke yawo a ƙaramin gari kamar da.

4.2 Sarauta

Bayan juyin mulkin 1966 an karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya raba sarakuna da baitulmali. Hakimin da a da yake iya riƙe makaɗi da 'yan amshinsa shekara da shekaru ya koma mai jiran albashi. Makaɗan fada da dama suka shiga yi wa attajirai waƙa, abin da magabatansu suke ɗauka ƙasƙanci ne.

4.3 Addini da doka

Malamai sun daɗe suna sukar roƙo da kiɗan da ke haɗa maza da mata, tun zamanin masu jihadi. Sukar ta ƙara ƙarfi da yaɗuwar wa'azi bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, har gidaje da yawa suka maye gurbin kiɗan biki da walima. Da Jihar Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999, wasu jihohi goma sha ɗaya suka biyo baya, sai aka rufe gidajen giya da na caca da na magajiya, a wasu wuraren har da gidajen silima. Ko mene ne ra'ayin mutum game da waɗannan wurare, tarihi ya nuna su ne matattarar goge da kukuma da kalangun dare. A babban birni mai shirya wasa yana iya samun otal ko barikin soja ya fake. A ƙaramin gari, inda kowa ya san kowa, saurayi yakan yi tunani sau biyu kafin a gan shi a ƙofar wurin wasa, balle budurwa. A shekarar nan ta 1999 ce kuma Shata ya rasu, ranar 18 ga Yuni.

4.4 Kaset da fiyano da waya

Kaset da ya yaɗu a shekarun 1970 ya ba mai saurare ikon da rediyo bai ba shi ba, watau ya ji waƙa duk lokacin da ya so. Duk da haka waƙar kaset a gaban jama'a aka haife ta. Babban sauyi ya zo ne da finafinan Hausa na bidiyo, waɗanda suka fara da Turmin Danya a 1990. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 waƙar fim da ake haɗawa da fiyano a ɗakin ɗaukar murya ta mamaye kunnen matasa. Irin wannan waƙa ba ta bukatar kalangu ko 'yan amshi, kuma mai ita yana iya yin suna ba tare da ya taɓa tsayawa a fili ba. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, ba da daɗewa ba masu tura waƙoƙi a waya suka kafa tebura a kowace kasuwa.

Illar wannan ga taro a fili take. Mawaƙin zamani in ya zo wasa, sau da yawa faifan waƙarsa ake sawa yana bi da baki. Ɗan kallo ya biya kuɗin ƙofa tun kafin ya ji komai, aka ba shi abin da yake da shi a aljihu, kuma babu wanda ya ambaci sunansa ko na garinsu. An ɗauko tsarin tikiti, an bar abin da ke sa Bahaushe ya fito.

4.5 Tsaro da tsadar rayuwa

Kiɗa abin dare ne, 'yan kallon ƙaramin gari kuwa rabinsu mutanen ƙauyukan kewaye ne. Rikicin Boko Haram daga 2009, da ta'addancin 'yan bindiga da ya addabi Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna a shekarun da suka biyo baya, sun hana tafiyar dare. A 2021 har kasuwannin mako aka rufe a Zamfara, aka katse layukan waya, aka taƙaita hawan babur. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934 kuma yake tara makaɗan Kabi da na maƙwabta, ya tsaya kimanin shekara goma kafin a sake yin sa a 2020. Cire tallafin man fetur a 2023 ya ninka kuɗin mota da na janareto. Liƙi ma, wanda ya gaji kyautar da, dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta hana shi, kuma a 2024 an gurfanar da wasu sanannun mutane a kansa.

5.0 Inda taro bai watse ba

Hujjar da ta fi ƙarfafa wannan bayani ita ce wuraren da har yanzu suke cika. Gidan dambe yana karɓar kuɗin ƙofa, amma jama'a suna shiga, kuma kalangu na gaske ake kaɗawa, ana yi wa ɗan dambe kirari yana tsuma kamar zamanin Ɗan Anace da Shago. Majalisin sha'irai a watan Maulidi yakan kai asuba a ƙananan garuruwa. Taron siyasa yana tara dubbai su saurari mawaƙin jam'iyya. Hawan salla bai rasa masu kallo ba. A duk waɗannan akwai wani abu da ya tara mutane, akwai wanda ake wasawa a gaban shaidu, kuma abin da zai faru a wurin ba a san shi ba sai an je. Ashe sha'awar jin kiɗa ido da ido tana nan.

6.0 Kammalawa

Abin da ake asara ya wuce kuɗin mai shirya wasa. Fili shi ne makarantar makaɗi. A nan yaro yake fara ɗaukar kaya, ya koma amshi, ya koyi karanta fuskar jama'a da ƙirƙirar ɗiyan waƙa nan take, har ya kai ga jan nasa ayari. Manyan makaɗan ƙarni na ashirin kusan dukkansu daga ƙananan garuruwa da ƙauyuka suka fito: Musawa, da Tubali, da Maradun, da Faru, da Bukur. In filayen irin waɗannan wurare suka mutu, za a ci gaba da samun waƙa, amma gwanintar yin ta a gaban mutane za ta ƙare tare da tsofaffin da suka rage.

Saboda haka hukumomin al'adu na jihohi da masu shirya wasa za su fi cin nasara in sun mayar da kiɗa inda jama'a suka riga suka taru, watau ranar kasuwa da bikin kaka da filin dambe da kokawa, da rana ko da yamma, mai hali ya ɗauki nauyi, talaka ya shiga kyauta. Sassan koyar da Hausa a jami'o'i da kwalejojin ilmi kuma akwai aiki a gabansu na gaggawa: ɗaukar wasannin makaɗan da suka rage a filinsu, tare da sanƙira da kari da amsawar jama'a, da kuma tattara tarihin wuraren wasa na kowane gari daga bakin waɗanda suka halarce su tun suna da rai.