Zumunta da Takarda: Matsayin Ɗan Nijar Bayan Fita Daga ECOWAS

Jama'a, kafin Turawan Ingila da na Faransa su gama shata iyakarmu a yarjejeniyar 1906, fataken Maraɗi kan sauka a Gusau ko Tsafe ko Bunguɗu ba wanda zai tambaye su takarda. Zuwan iyakar nan ne ya mayar da ɗan'uwa baƙo.

Da aka kafa ƙungiyar ECOWAS a Legas ranar 28 ga Mayu, 1975, sai aka shiga ɗinke wannan ɓaraka. Yarjejeniyar Dakar ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ya yi kwana 90 ba tare da biza ba. Ta Kwatano kuwa, a 1982, ta bayyana cewa ɗan ƙungiya shi ne ɗan ƙasar da ke cikinta.

To, a nan gizo ke saƙar. Ranar 29 ga Janairu, 2025, ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso ta tabbata. Ke nan mai sayar da ruwa da makiyayi da ɗan cirani da suka zo mana daga Nijar sun fita daga inuwar waɗancan yarjejeniyoyi. A ranar ECOWAS ta sanar cewa za a ci gaba da karɓar fasfonsu, a bar su su shiga su zauna, har zuwa wani sabon umarni. Sai dai wannan alfarma ce, kuma mai yin alfarma yana iya janye ta.

Tarihi ya riga ya gargaɗe mu. A watan Janairun 1983 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ba baƙi marasa takardun zama mako biyu su bar Nijeriya. Mutanen Gana ne suka fi yawa, amma 'yan Nijar ma sun ɗaure kayansu. Harshe ɗaya da auratayya ba su cece su ba, alhali a lokacin ƙasarsu tana cikin ƙungiyar.

Wanda ke da tudun dafawa shi ne yaron da aka haifa a nan, in dai mahaifinsa ko mahaifiyarsa, ko ɗaya daga kakanninsa, ɗan Nijeriya ne. Sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya ce shi ɗan ƙasa ne. Saboda haka mu tunatar da maƙwabtanmu su yi wa 'ya'yansu rajistar haihuwa tun da wuri. Gaskiya ne zumunta a ƙafa take, amma ran da aka tare ƙafar a bakin iyaka, takarda za a nema.