Birnin Kano da Duwatsunta

Baƙon da ya zo Kano don buɗe ido yakan doshi Kasuwar Kurmi ko ƙofar fada tun da fari. Amma masu sanin tarihi sun ce ya kamata ya fara da hawan Dutsen Dala, gama daga gindin dutsen nan garin ya tsiro. Tsawonsa daga bisa teku ƙafa 1,753 ne, an kuwa yi masa matakala har ƙoli. In mutum ya hau da sassafe, kafin ƙura ta tashi, sai ya ga birni shimfiɗe ƙarƙashinsa, ga hasumiyoyin Babban Masallaci, ga Gwauron Dutse daga yamma. Daga nan ne labarin Kano yake jeruwa daki-daki.

Abin da ya fara jawo mutane wurin nan tama ce. Masu binciken kayan da sun tono wuraren narka ƙarfe a gindin Dala, suka auna shekarunsu, suka tarar tun wajen ƙarni na 7 na Miladiyya ake wannan sana'a. Wannan ya zo daidai da abin da tsofaffi ke faɗi, cewa maƙera ne daga Gaya, waɗanda ake kira Abagayawa, suka zo neman tama suka zauna. Inda ƙarfe yake, nan fartanya take, nan kuma mashi yake. Saboda haka manoma da maharba suka yi ta taruwa, dutse ya zama musu mafaka in abokan gaba sun taso.

Littafin Tarihin Kano ya ce wani ƙaƙƙarfan maharbi mai suna Dala shi ya fara gina gida a kan dutsen, sunansa ya bi wurin. Daga zuriyarsa aka sami Barbushe, wanda ya zama shugaban bautar Tsumburbura. Wurin tsafin kewaye yake da katanga, ba mai shiga sai shi kaɗai. Ranar biki mutane sukan zo daga ko'ina da baƙin akuya, da baƙin kare, da baƙar kaza, ya shiga ya fito ya gaya musu abin da zai auku cikin shekara. An ce har ya faɗa musu wani zai zo da runduna ya mallake su.

Haka kuwa aka yi. Bagauda ya zo, bisa lissafin masana ya yi sarauta daga 999 zuwa 1063. Jikansa Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ganuwa, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa ta. Abin lura shi ne, ganuwar farko Dala ta kewaye, watau an tsare dutse da tamarsa da gonakin gindinsa kafin komai.

Amma ba Dala kaɗai ba ne dutse mai mutane a ƙasar. Akwai Magwan, da Fanisau, da Santolo, kowanne da jama'arsa. Santolo ce ta fi ba sarakunan Kano wuya. A zamanin Sarki Yaji, daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga ƙasar Mali, shugabansu Abdurrahman Zaite, suka kawo addinin Musulunci fada. Sarki ya karɓa, aka gina masallaci, ya roƙi malaman nan su taya shi da addu'a bisa Santolo. Ya fita, Allah Ya ba shi nasara. Tun daga ran nan ƙarfin duwatsu ya fara raguwa, ƙarfin birni ya yi ta ƙaruwa.

In baƙo ya sauko daga Dala ya nufi kudu, to, ya shiga cikin aikin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Shi ya ƙara faɗin ganuwa, ya kafa Kasuwar Kurmi a bakin Jakara, ya gina fadar da har yanzu ake kira Gidan Rumfa. A zamaninsa ne Shehu Magili ya zo daga Arewacin Afirka, ya rubuta masa littafi a kan yadda ya kamata sarki ya riƙe talakawansa. Gidan Makama, wanda ke kusa da fada, yanzu gidan adana kayan tarihi ne, a can ake ganin tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni da kayan yaƙi. Ana kuma cewa marinar Ƙofar Mata tun 1498 take, inda ake rina tufa da baba da toka cikin ramuka masu zurfi.

Bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, mulkin Sarki Alwali ya ƙare a 1807, Malam Sulaimanu ya hau. Da ya rasu a 1819 sai Ibrahim Dabo ya gaje shi. Dabo ya sha fama da Ɗantunku, wanda ya kafa Kazaure, don haka ya mai da Fanisau sansaninsa, wani gari cikin duwatsu arewa da birni. Ashe ko a zamanin bindiga dutse bai daina amfani ba. Daga nan aka sami al'adar Hawan Fanisau, inda sarki kan fita can da mahaya bayan Babbar Salla.

Baƙi masu zuwa kallo ba yau suka fara ba. A 1824 wani Baturen Ingila, Kyaftin Kilafatan, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdullahi, ya iso Kano, har sai da ya tafi Fanisau kafin ya gana da Sarki Dabo. Ya ƙiyasta kewayen ganuwa mil 15, tsawonta ƙafa 30, ƙofofinta 15, mutanen gari kuwa tsakanin 30,000 da 40,000. Ya lura gidaje ba su ci fiye da rubu'in filin cikin badala ba, saura gonaki ne da kududdufai, don ko an kewaye gari da yaƙi kada yunwa ta ci shi. Abin da ya fi ba shi mamaki a Kurmi shi ne amana. In mutum ya sayi riga, akan sa sunan dillali a ciki, in an tarar da aibi, ko daga Barno aka komo da ita, tilas dillali ya nemo wanda ya sayar da ita, shi kuwa ya mayar da kuɗi.

A 1851 Dakta Barth, Bajamushe, wanda ake kira Abdulkarim, ya zo. Ya hau Dala ya zana hoton gari daga can. Ya ce tufafin da Kanawa ke saƙawa suna rinawa suna kaiwa har Tarabulus da Tumbutu, ya kimanta kuɗinsu wuri miliyan 300 a shekara. Ran 3 ga Fabrairu 1903 sojan Ingila ƙarƙashin Kanar Molan suka fasa ta Ƙofar Kabuga, Sarki Alu yana kan hanyar Sakkwato. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, gari ya fara tumbatsa bayan ganuwa.

To, mai hawa Dala yau ba zai ga duk abin da waɗannan baƙi suka gani ba. Gonakin cikin badala sun zama gidaje, an cike kududdufai da yawa. Ganuwar da dubban mutane suka gina da hannu, ruwan sama ya ci wani sashi, mutane sun kwashe ƙasar wani sun yi tubali, wani kuma an yi gini a kansa. An rushe waɗansu ƙofofi an sāke su da siminti don mota ta wuce. Ramukan marina da yawa sun bushe, gama yadin kanti ya fi araha. Dala kansa gidaje sun matse shi, zaizaya tana cin gefensa.

Duk da haka duniya ba ta manta ba. A 2007 aka sa ganuwa da Dala da Kurmi da fada cikin jerin wuraren da ake neman Hukumar UNESCO ta karɓa, a 2024 kuma hukumar ta sa hawan Salla na Kano cikin al'adun da duniya ke alfahari da su. Kanawa ma ba su rabu da dutsensu ba, ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, yara da manya sukan yi cincirindo su hau shi.

Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma sai abin gani yana nan. Rubutun hukuma ba ya tsare katanga, maƙwabcinta ke tsare ta. Wanda ya ɗebi kwando guda na ƙasar badala ya ɗebi aikin Gijimasu da Rumfa, ba kuwa mai iya mayarwa. Kakanni sun riƙe amanar nan shekara ɗari tara. Allah Ya ba na yanzu ikon miƙa ta ga na baya, amin.