Motar da Ke Tunkarar Iska da Iyakar Gudunta

A shekarar 2012, motar Blackbird da Rick Cavallaro da abokan aikinsa suka ƙera a Amurka ta tunkari iska kai tsaye, ba inji ba batir, ta yi gudu ninki 2.1 na gudun iskar. Farfela ce a samanta: iska ta juya ta, ita kuma ta juya tayoyi.

Masu shakka suna da hujja mai nauyi. Suna cewa idan mota ta ƙara gudu, iskar da ke bugun farfela za ta ƙaru, ƙarfi ya ƙaru, gudu ya sake ƙaruwa, har abin ya zama ba iyaka, alhali kimiyya ba ta yarda da makamashin da ke haifar da kansa ba. A ganina, kuskuren hujjar shi ne ta ƙirga riba ta bar kuɗin kashewa.

A ɗauka iska tana tafiyar mita 10 a daƙiƙa, mota kuma mita 20. Farfela tana jin iska mai gudun mita 30, tana ɗibar makamashi gwargwadon haka. Amma iskar nan tana tura farfelar baya, dole tayoyi su ture wannan ƙarfin a kan gudun mita 20. An samu 30, an kashe 20, rarar 10 kuwa ita ce ainihin gudun iska a kan ƙasa, kuma ba ta ƙaruwa. Idan mota ta kai mita 90, za a samu 100 a kashe 90: rarar da ta kasance kashi ɗaya bisa uku ta koma ɗaya bisa goma.

Daga wannan rarar ake biyan duk wata asara, wato gogayyar giya da tayoyi, da jan iska a jikin mota wanda ke ninkuwa huɗu idan gudun iskar da ke bugunta ya ninka biyu. Motar da ke asarar kashi ɗaya bisa uku na abin da ta ɗiba, a ninki biyu na gudun iska gudunta zai tsaya, kusa da inda Blackbird ta kai. Ranar da iska ta kwanta kuwa babu rara ko kaɗan, ko an tura motar za ta tsaya.